Ruwan da Yake Komawa Baya

Ni Balaraba ba na shiga abin da bai shafe ni ba, sai dai in an yi shi a jikin katangata. To, ni da gidan Yaya Alasan katanga ɗaya ce ta raba mu, ita ma ta zube ta wajen turken awaki. Saboda haka duk abin da za ku ji da idona na gan shi, in ban da ɗan abin da Kulu mai ƙosai ta ƙarasa min.

Yaya Alasan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi, ni ina 'yar talla, aka tare ruwa a Tiga aka tashe mu daga tsohon gari, aka kawo mu nan tudu ta wajen Bebeji. Gidanmu yana can ƙarƙashin ruwa, har da rijiyar da kukar ƙofar gida. Manoma ne mu, amma da ruwa ya ci gonar sai Yaya ya bi ruwan. Ya koyi sana'ar su, wato kamun kifi, ya yi kwale-kwalensa, ya tsufa a kai. Da yanar ido ta kama shi, gwiwa kuma ta ƙi, sai Sagir ɗansa ya hana shi shiga ruwa.

Daga nan aka fara neman Yaya. Da hantsi sai a ga babu shi babu sandarsa. In an tare shi a hanya ya ce gida zai je ya duba rufin ɗaki kafin damina. Wane gida? Wancan na ƙarƙashin ruwa. Sau ɗaya ɗan acaɓa ne ya dawo da shi. Na ƙarshen kuwa Fulani masu shayar da shanu ne suka tsamo shi, ruwa ya kai masa ƙirji, yana ce musu su sake shi, ga hanyar nan ta bayan kuka. Ranar ban iya cin tuwo ba, ni da ko zaman makoki ba ya hana ni loma.

Shi Sagir sana'arsa ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa, kuma ya taɓa zama a Kano wajen masu haɗa wa otal-otal akwatin gilashi na kifi. Sai ya share soron gidan, ya gina wa ubansa tanki na gilashi, tsawonsa ya fi tabarma biyu, tsayinsa ya kai ƙirjin namiji. Ya cika shi da ruwan Tiga, ya zuba karfasa da kurungu da wani matashin giwan ruwa mai faɗin baki. Yaya ya raɗa masa suna Mai Unguwa, wai don ba ya komai sai zagaye da cin na ƙasa da shi. Idon Yaya ba ya rarrabe fuskar mutum, amma yana ganin inuwar kifi tana wucewa, yana jin ƙarar ruwa. Ya shimfiɗa buzunsa a gaban gilashin nan, ya jingine sanda a lungu. Tun daga ranar bai sake nufar bakin ruwa ba.

Ku riƙe wannan, don shi ne maganar duka: in akwai tanki, akwai Yaya a gida.

Bayan bangon soron akwai wani ɗan ɗaki da ni nake kira ɗakin hanji, saboda bututai sun nannaɗe a cikinsa kamar an farke cikin sa. Sagir ya yi min bayani har ya gaji. Wai ruwan tankin sama in ya cika sai ya tsallake wani baki a kusurwa, ya gangaro ta ƙaton bututu zuwa wani tanki a ƙasa. A can zai ratsa soso, ya ratsa tsakuwa, ya ratsa gawayi, ya bar ƙazantarsa. Sai inji ya tura shi sama ta wani siririn bututu, wanda ya haura bakin gilashin ya sunkuya ciki har kusa da gindi. Haka ruwan yake zagaye dare da rana. Na ce to Allah ya kyauta, mu a da randa ɗaya ta ishe mu.

An ci kaka lafiya. Sai wata Talata bayan azahar aka ɗauke wuta, na jiyo Muhsina matar Sagir tana salati da ƙarfi. Kafin in laluɓo takalmina ruwa ya ɓullo ta zubabbiyar katanga ya shiga ƙarƙashin awakina. Na haura na tarar ɗakin hanji yana aman ruwa ta ƙofa, tankin ƙasa ya cika ya tumbatsa, na sama kuwa yana ta sauka a gaban idonmu ba wanda ya taɓa shi. Gadon bayan Mai Unguwa har ya fito fili, yana bugun gilashi da wutsiya.

Yaya yana tsaye a tsakar gida, ruwa a idon sawunsa.

"Ku kwashe hatsi," ya ce. "Ya iso. Laraba, ina Inna? Ku fitar da Inna tukuna."

Innarmu da ta rasu tun ina goyon fari. Na kama hannunsa na zaunar da shi a kan turmi, na ce an fitar da ita, tana kan tudu. Sannan hankalinsa ya kwanta.

Sagir ya baro wajen aikinsa a guje, ya ɗauko a-kori-kura da jarkoki aka yi ta jigilar ruwa daga dam har la'asar sakaliya. Ya shafa gilashin lungu-lungu, babu tsaga. Ya duba gindin tanki, a bushe. Ruwa dai ya bar sama ya koma ƙasa, ba a san ta inda ya bi ba.

Da safe Kulu ta ce min a wajen kaskonta, ai ruwan Tiga ba ya zaman akwati, wanda ya ci gari guda ba gilashi ne zai riƙe shi ba, gida yake nema ya koma, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba. Ni ban ce haka ne ba. Na dai faɗa a gidan suna a Kiru cewa an ce. Kafin sati maganar ta dawo mana ta bakin wani mai sayar da rake, har an ƙara cewa kifin yana magana da muryar tsohuwa.

Sagir ya kira abokinsa Zailani, mai aikin famfo a Kwanar Dangora, wani dogo mai yawan dariya da haƙori ɗaya na azurfa. Ni kuma na ɗauko kujerata da mazarina na kaɗi na zauna a bakin ɗakin hanji, don in suna neman wani abu in miƙa musu.

"Gwaggo, nan fa wajen maza ne," in ji Zailani.

"Na yi wa Sagir tsarki da hannuna yana jariri, kai ne za ka gaya min wajen maza? Yi aikinka, mai haƙorin gwangwani."

Suka naɗe kowace gaɓa da busasshen tsumma don su ga inda zai jiƙe, babu. Suka kwance ƙaton bututun, suka zazzage dodon koɗi cikin kwano, suka wanke soso. Zailani ya ce ko injin ne yake sakin ruwa in ya tsaya, ya ɗaura wani ƙarfe mai harshe a ciki, wanda wai yake barin ruwa ya hau amma ba ya barin ya sauko. Sannan suka kashe wutar da gangan suka tsaya suna kallo. Abin ya riƙe na ɗan lokaci, sai yashin Tiga ya maƙale a harshen, muka ji ƙululu, ƙululu, ruwa ya kama saukowa ta siririn bututun nan da aka yi don hawa.

"Zuƙa yake," in ji Zailani. "Kamar mai zuƙo fetur da tiyo. Muddin bakinsa yana nutse a gindi, sai ya kwashe tankin kaf."

"Ba zai yiwu ba," in ji Sagir. "Ranar da na haɗa shi na yi masa 'yar ɓula a wuya, dab da saman ruwa. Da ruwa ya ɗan sauka iska za ta shiga ta nan, zuƙar ta katse."

Ya hau benci ya shafa wuyan bututun, duk gansakuka, bai ji ɓula ba. Suka ce datti ne ya cushe ta. Zailani ya yanke wuyan ya jefar a bola, ya liƙa sabo da gam, ya huda shi da injin huda. Aka kunna, wani siririn ruwa kamar zare yana tsartuwa ta ɓular. Aka kashe, ruwa ya sauka kamar faɗin yatsa biyu, bututun ya yi wani irin gyatsa, shi ke nan ya tsaya cak. Zailani ya ci ɗan wake kwano guda ya tafi yana dariya.

Ba a yi nisa ba aka sake malala. Sagir ya kira Zailani a waya yana faɗa, wai gam ɗinsa ne ya zubo ya liƙe ɓular. Zailani ya ce shi tun Sagir yana yawo ba wando yake liƙa bututu. Suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Sagir ya tsokane wurin da ƙusa, wani abu ya faɗa ciki ruwa ya tafi da shi, ɓula ta buɗe. Ya ce lallai dattin Tiga ne.

Ta ukun ita ce ta ƙona mana rai. Ranar Juma'a ce, maza duk suna masallaci, Yaya ma an tafi da shi a babur. Aka ɗauke wuta, ruwa ya malale. Muhsina da tsohon cikinta ta fito da gudu za ta tada janareto, santsi ya kwashe ta ta zauna daɓas a kan siminti. Ina can ina kama ta aka dawo da wuta, injin ya tura ɗan abin da ya rage, ya shiga zuƙar iska yana kuka kamar ɗan akuya, har ya yi ƙauri ya mutu. Kafin maza su dawo Mai Unguwa ya juya cikinsa sama a ɗan ruwan da bai kai tafin hannu ba.

Allah ya tsare, cikin Muhsina bai taɓu ba, sai ƙugu da ya riƙe ta. Amma na ga fuskar Sagir da suka dawo daga asibiti. Ya tsaya a soro ya daɗe yana kallon gilashin.

"Gwaggo, na gaji," ya ce. "Zan ari inji in sa saboda sauran kifin. Amma wallahi in ya sake zubewa ko sau ɗaya ne, kwance shi zan yi. Ba zan kashe matata a kan karfasa ba."

"In ka kwance, uban naka fa?"

Ya juya ya shige gida. Ai amsar ma ta zo da kanta. Da yammar nan soro ya yi tsit, babu ƙarar ruwa, na leƙa lungu babu sanda. Na bi hanya ina haki, zani a hannu, na cim masa a ƙarshen gari wajen gonakin masara, fuskarsa tana kallon dam. Da ƙyar na juyo da shi, sai da na ce Inna ce take kiransa.

Kan Mai Unguwa kuwa Kulu ce ta samu, don gidan babu wanda ya iya ci. Ta ce min ya yi mai.

To, a kwanakin nan ni ma ina da tawa damuwar, ƙarama. Har yanzu ina kaɗi, don hannuna ba ya son zaman banza, kuma ina ajiye saɓina na auduga a cikin lefe a bakin ɗaki. Sai na ga yana raguwa, tsunkule-tsunkule. Man kaɗen da nake shafa wa gwiwa kuma wani yana kwarfarsa. Na zargi Muhsina, na ce masu ciki ba abin da ba sa kwaɗayi, har na ɗan taɓa wa Kulu. Amma da na duba shaidar yatsan da ke cikin man, na ga ya yi girman yatsan mace. Washegarin da aka sa injin aro, da hantsi, na ce wa jikokina na tafi unguwa, na zaga na laɓe a bayan rumbu ina jiran ɓarawona.

Sai ga Yaya ya ɓullo ta zubabbiyar katanga yana laluben hanya. Ya tsunkuli auduga, ya lakato mai, ya karyi tsinke a tsintsiyata, ya juya. Na bi shi sannu-sannu har soro. Tsohon da ba ya iya tashi daga buzu sai ya dogara sanda, ga shi ya taka benci. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a ruwa, ya bi jikin siririn bututun da yatsu a hankali, har zaren ruwan nan ya tsarto masa a tafi. Na ga ya gyaɗa kai. Ya naɗa audugar a tsinke, ya mulke ta da mai, ya cusa, ya danna da babban yatsa, ya daddoka da ƙotar wuƙarsa, ya karye abin da ya yi saura, ya shafe wurin sumul. Haka na sha ganinsa yana yi wa kwale-kwale a bakin ruwa kafin ya tura shi.

"Yaya, me kake yi a nan?"

"Laraba ce? Riƙe min bencin nan." Ya sauko yana nishi. "Yaran nan ba su san ruwa ba. Sun bar ɓula a jikin abu suna yawo. Kullum na toshe sai ta sake buɗewa, shi ya sa kike ganin ruwa yana cin gida. Ba don ni ba da tuni mun nutse. Kada ki gaya wa Sagir, kunya zai ji."

Jama'a, ni aka ce kada in faɗa. Na koma gida na zauna. Ga Kulu tana ɗago min hannu daga wajen kasko, ga labarin da ya fi duk wanda na taɓa kai mata, amma na kasa tashi. In na yi shiru, da an ɗauke wuta an gama da tanki. In na faɗa, yaron nan da zafin zuciyar uwarsa zai iya garƙame soron ya hana uban shiga, duk ɗaya ne da kwancewar. Na yafa mayafi na bi ta bayan gari don kada Kulu ta gan ni, na samu Sagir a wajen kududdufan kifinsa.

Na gaya masa. Ya ajiye bokiti, ya zauna a ƙasa da rigarsa mai kyau.

"Baba? Da hannunsa?"

"Da audugata kuma. Har na ɗauki alhakin matarka."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna motsi, ban san dariya yake ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Da muka dawo ya zare toshin, ya durƙusa a gaban uban ya yi masa bayani da ladabi, iska da zuƙa da komai. Yaya ya saurara har ƙarshe.

"Kai Sagiru, yaushe aka haife ka? Ni za ka koya wa ruwa? A ina ka taɓa jin an bar ɓula don kada ruwa ya zuba?"

"Baba, wannan daban ce."

"Babu wata daban. Na ga mutum biyu sun tafi a kan wadda ba ta kai wannan ba. Ni na tsamo ɗaya."

Kashegari ya manta an yi maganar, ya sake toshewa. Sagir ya ce to murfi zai yi wa tankin da kwaɗo. Na ce yi mana, ka hana shi taɓa ruwa, ka ga in bai je inda babu murfi ba. Zailani, da aka ba shi haƙuri ya dawo, ya ce a ɗage bakin bututun sama kawai kowa ya huta. Sagir ya ce ya gwada, ruwan ƙasan tankin ba ya juyawa, ƙazanta take kwanciya kurungu su fara mutuwa.

Muhsina ce ta yi magana daga kan tabarma, tana riƙe da ƙugu. "Ku bar wa Baba tasa mana. Ku yi wata inda hannunsa ba ya zuwa."

Zailani ya cusa dogon hannunsa ta bayan bututun, ɓangaren da yake kallon bango, ya yi huda ta biyu a can. Aka toshe ta gaban da gangan, aka kashe wuta. Ruwa ya sauka yatsa biyu, bututu ya yi gyatsarsa, ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, har mai haƙorin gwangwani.

Sai dai Yaya ba mutumin da zai toshe ɓula ya kwanta ba ne. In ya shafa ya ji ko'ina lafiya, gaba yake yi da lalube. Saboda haka aka ba ni aiki. Kullum da safe, yana can yana shan koko, ni zan hau benci da tsinken tsifa in zare toshin jiya. Ya zo ya sami ɓularsa tana tsartuwa, ya yi tsaki ya zagi yaran zamani, ya toshe, ya koma buzu ransa fari. Audugar ma yanzu a gefen buzun nake ajiye masa. Sagir ya kawo wani giwan ruwan, Yaya ya ce wannan ba Mai Unguwa ba ne, juyinsa daban, wataƙila ƙaninsa ne. Yakan tambayi inda wancan ya tafi, mu ce ya je gari.

Watan jiya aka yi bikin jikar ƙawata a Doguwa, na tafi da sassafe na manta da tsinken tsifa. Ina tsakiyar cin waina abin ya faɗo min, na bar kwano na nemi mota. Na shigo soro na tarar da Yaya a kan benci, kuncinsa manne da gilashi, hannunsa ya nutse har kafaɗa ta bayan bututun.

"Laraba, yi shiru," ya ce. "Ina jin motsin wata a nan baya. Kaɗan ya rage in kai."

Na ce masa Inna tana kira. Ya sauko, amma yana waiwaye.

Tun ranar ban sake zuwa biki ba, ko suna, ko gaisuwar da ta wuce ƙofar gari. Kulu ce take kawo min labarin duniya, rabi duk ta lalata shi a hanya. Kullum ina zare toshi, kullum yana mayarwa. Amma yanzu in ya gama ba ya saukowa nan take. Sai ya ɗan tsaya a kan bencin, ya karkata kunne wajen bango, yatsunsa suna motsi a cikin ruwa. Ni kuma ina ƙasa riƙe da ƙafar benci, ina kallon sandarsa a lungu.